Mabuɗin Ajin Si Lazhar

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma Magajin Gari, Malam Liman, Shugaban makaranta da malamansa, Lalla Mbarka matar marigayi da 'ya'yanta, jama'ar Makthar, assalamu alaikum.

Yau kwana arba'in da muka raka malaminmu Si Lazhar Ayari makwancinsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da Latin, harshen Rumawan dā, a garin nan, kuma da yawun ɗalibansa nake magana.

Ya kasance ranar farko ta kowace shekara yakan kulle ƙofar aji, ya bar mu a baranda, ya rubuta kalma ɗaya da alli a jikin ƙofar: initium. Ma'anarta mafari, asalinta kuma daga "shiga ciki". Yakan ce, "Rumawan da suka sassaƙa duwatsun bayan gidajenku ba su san a fara abu daga nesa ba. Sai an sa ƙafa." Sannan ya buɗe, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

A shekararmu Mongi ɗan mahauci ya turje. "Sidi, harshen matattu ne fa."

Si Lazhar ya ce, "Kai da ke wuni cikin matattun tumaki, yau kai ne mai ƙyama? Shiga, ɗana."

Ga Mongi can baya. Shi ke karanta wa baƙi rubutun duwatsun nan yanzu.

Ya kasance gidansa ma aji ne. Lalla Mbarka, mun cinye miki kuskus, mun cinye miki lokacin miji, ba ki taɓa ɗaure mana fuska ba. Ki yafe mana.

Sai ke, Sundus, autarsa. Kowa ya sani ke kaɗai ce a garin nan mai takardar koyar da Latin. Idan Litinin ta zo babu malami, za a rufe ajin, ga yara goma sha ɗaya sun riga sun ba da suna. Kin ce mini, "Kawu, ba zan iya tsayawa inda ya tsaya ba." Na ji, ba kuma za mu tilasta miki ba. Amma mahaifiyarki ta tsinci mabuɗin a aljihun kwat ɗinsa, tare da guntun alli, ta ce in kawo. Ga su nan na ajiye a kan tebur. Litinin ƙarfe takwas yaran za su tsaya a baranda. Mu ma, da furfurarmu, za mu tsaya a bayansu.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Si Lazhar, Ya buɗe masa ƙofar Aljanna, Ya kira shi da sunansa. Amin.