Ma'ana ta Uku da Na So Hana Shivonne Rubutawa

Shugaban taro, shugabar makaranta Madam Ramkissoon, malamai masu haƙuri, iyaye 'yan uwana, da ku na can baya da ƙamshin abinci ya kawo, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni damar magana, ni Errol Baptiste mai facin taya, wanda ranar da ya bar makaranta malamai suka fi shi murna.

Kun san gurbin karatu kyauta guda ɗaya ne a nan Mayaro, kuma in 'yata Shivonne ta rasa shi, karatunta ya tsaya ke nan. A gasar neman gurbin, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki kalmar Turanci ɗaya ya rubuta duk yadda ake amfani da ita. Ta ɗauki "laim".

Na farko, lemon tsami. Na yarda. Na biyu, farar ƙasar da muke shafa wa katanga gab da Kirsimeti. Na yarda. Na uku kuwa namu ne mu kaɗai: zaman da muke yi a bakin kogi da tukunyar agwagwa, ba aiki, ba dalili. Nan na miƙe tsaye.

Na ce, "Ke, alƙalan gasa daga birni za su zo, ki rubuta musu zaman banza?"

Ta ce, "Baba, ai da kai na ba da misali."

Uwarta Verna ta leƙo daga kicin ta ce, "Shekara ashirin yana wannan bincike, bari dai ya yi rana."

Mako uku ban je kogi ba, jama'a, mako uku! Ina ta tsoron lalacina ya kayar da yarinya.

Yau na ji an karanta rubutun. Ashe ta ce a zaman nan aka shirya rufa wa tsohuwa Tanti Ena ɗaki bayan guguwa, a nan aka sasanta masunta biyu da suka shekara ba sa gaisawa. Ni wallahi na ɗauka agwagwa kawai muke ci.

Shivonne ta samu gurbin. Yau na yi numfashi.

Allah ya saka wa malamai, Allah ya buɗa wa yaran da ba su samu ba, Allah ya mai da kowa gida lafiya. Asabar muna kogi. Verna, kin dai ji da kunnenki, karatu za ni.

Na gode.