Wanda Ya Sa wa Makiyayar Kok-Bel Guba

Toktosun: Alo. Kanishai, kina ji na?

Kanishai: Ata? Ku ne da kanku? Ina wuni.

Toktosun: Lafiya lau, 'yata. Ya Bishkek? Ya ɗalibanki?

Kanishai: Suna nan, jarrabawa muke yi. Ya Apa? Ya ƙafar tata?

Toktosun: Da sauƙi. Mahaifiyar taki tana can tana shanya kurut, busasshen cukun nan, ta ce za ta aiko miki da buhu guda.

Kanishai: Allah ya saka. Ya yayana da yaransa?

Toktosun: Duk lafiya. Mijinki fa?

Kanishai: Yana gaishe ku. Ya dabbobi? An hau makiyaya lafiya?

Toktosun: An hau.

Kanishai: Ata, iska nake ji kamar za ta ɗauke ku. Ina kuke?

Toktosun: Kan dutse. Nan kaɗai ake samun sabis. Rabin awa na yi a kan doki kafin in iso.

Kanishai: To, wani ne ya rasu?

Toktosun: Babu wanda ya rasu. Uba ba zai gaida 'yarsa ba sai an yi mutuwa?

Kanishai: Shekara uku Apa ce ke kira na, ku sai dai in ji tarinku a bayanta.

Toktosun: Haka ne. Wata 'yar tambaya ce da ni, irin ta aikinku. Ɓera, 'ya'ya nawa yake haifa?

Kanishai: Bera? Wace ce Bera?

Toktosun: Ɓera na ce. Ɓeran ciyawa, mai guntun wutsiyar nan da ke haƙa rami.

Kanishai: Oh. Shida, bakwai, wani lokaci har goma. Kuma kafin sanyi ya shigo sai macen ta haihu sau uku ko huɗu. 'Ya'yan farko ma wata guda ya ishe su su fara tasu haihuwar.

Toktosun: Wata guda.

Kanishai: Me ya faru a Kok-Bel?

Toktosun: Sun cinye ta, 'yata. In kin tsaya a ƙofar tanti da safe, ƙasa za ki ga tana motsi. Gangaren da kike tsinkar furanni kina yarinya, yanzu ramuka ne daga sama har rafi. Ciyawar tun daga saiwa suke yanke ta. Awaki har sun fara cin gashin juna. Goɗiyoyi babu nono, bana ko salka ɗaya ta kumis, tsamin nononsu da muke sha, ba mu cika ba.

Kanishai: Tun yaushe?

Toktosun: Bara muka fara gani, muka yi dariya. Bana babu mai dariya. Ranar Talata baƙar goɗiyata ta burma cikin rami, ƙafa ta karye. Sai yankawa.

Kanishai: Kai, Ata. Sannu. Ku gaya mini, yaushe rabonku da ganin yanyawa?

Toktosun: Iskar nan...

Kanishai: Alo? Layin ya tafi?

Toktosun: Bai tafi ba.

Kanishai: Na ce yanyawa. Ko gaggafa a sama, ko mujiya. Yanyawa ɗaya mai shayarwa sai ta kama ɓera goma sha a rana. Su ne ke riƙe da adadinsu. In suna nan, ɓera ba ya kai haka.

Toktosun: Na san kin faɗa. Na tuna inda kika faɗa.

Kanishai: Ba don wannan na tambaya ba.

Toktosun: Ni don shi na kira. Ranar bikin sunan ɗan yayanki, da na ce zan sa wa kyarketai guba saboda 'yan tumakina goma sha ɗaya da suka cinye, kika miƙe gaban baƙi kika ce ba kyarkeci kaɗai zai ci ba. Ni kuwa na ce na sayar da bijimai biyu na kai ki jami'a, kin dawo mini lauyar yanyawa. Mutane suka yi dariya har da buga cinya. Da gari ya waye kin hau mota.

Kanishai: Ya wuce. Ai daga baya Apa ta ce kun fasa. Kwamitin makiyaya ya hana.

Toktosun: Ni ne shugaban kwamitin. Da bakina na karanta dokar hanin. Da ƙanƙara ta sauka, na ɗauki mushen tumaki huɗu, na cusa musu maganin, na kai su bakin kwazazzabo. Ko mahaifiyarki ba ta sani ba.

Kanishai: Ata.

Toktosun: Bayan kwana biyar na koma. Kyarkeci ɗaya na samu, ɗaya tal. Yanyawa kuwa na ƙirga tara na daina ƙirgawa. Gaggafa biyu, hankaki ba adadi. Waɗanda suka ci mushen suka mutu, waɗanda suka ci su ma suka mutu. Na sake sawa a sanyin da ya biyo, don na ce kyarketan ba su ƙare ba.

Kanishai: Sau biyu.

Toktosun: Sau biyu. Ki faɗi abin da ke bakinki.

Kanishai: Ba ni da abin faɗa. Shekara uku ina shirya maganar da zan gaya muku in ranar nan ta zo, yanzu ko ɗaya ba na so.

Toktosun: Ba a nan abin ya tsaya ba. Kin san Ormon, ɗan Sagin, wanda ya yi shekara takwas yana aikin gini a Rasha?

Kanishai: Ajinmu ɗaya a firamare.

Toktosun: Ya dawo ya zuba duk abin da ya tara a tumaki ɗari uku. Yanzu mutane sun ce garkensa ne ya kashe makiyaya, shi ya sa ɓera ya samu fili. Jumma'a za a zauna a hana shi hawa Kok-Bel. An riga an rubuta takarda, sa hannuna ake jira. In ya sauka kwari da tumaki ɗari uku a tsakiyar bazara, ba ciyawa, sai ya sayar da su a wulaƙance. 'Ya'yansa huɗu.

Kanishai: Shi me ya ce?

Toktosun: Bai ce komai ba. Ranar da goɗiyata ta karye, shi ya fara isowa, shi ya riƙe mini kanta. Muna fiɗa sai ya kira ni aba, kiran girmamawa, ya ce a hankali yadda ba wanda zai ji, "Toktosun-aba, na ga sawun dokinku a kwazazzabo waccan shekarar. Ni na binne gaggafar." Ya ci gaba da fiɗa. Ya sani tun tuni. Ana zaginsa a gabana bai buɗe baki ba, don ina sa'an mahaifinsa.

Kanishai: Shi ya sa kuka hau dutse.

Toktosun: Tun ranar nan ba na iya haɗa ido da shi. To ki gaya mini gaskiya, ke da kika karanta. Tumakinsa ba su da laifi ko kaɗan?

Kanishai: Kuna so in ce suna da shi?

Toktosun: Ina so. Amma ki faɗi gaskiya.

Kanishai: Suna da nasu, daidai da na kowa. Lokacin ina yarinya garke nawa ke hawa Kok-Bel?

Toktosun: Gida tara, tumaki ba su kai dubu ba.

Kanishai: Yanzu fa?

Toktosun: Sun haura dubu biyu.

Kanishai: Ciyawar kuwa ba ta ƙaru ba. Kowace makiyaya akwai iyakar bakin da za ta ciyar, kun wuce ta tun kafin Ormon ya dawo. Ɓeran nan gajeriyar ciyawa yake so, kuma sanyi biyu da suka wuce ba su yi tsananin da zai rage shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma da yanyawa da gaggafa suna nan, da sun tare abin tun yana ƙarami. Naku hannun shi ne mafi nauyi, Ata. Ba zan ɓoye muku ba.

Toktosun: Na ji. Wasu na cewa a sayo gubar ɓera a barbaɗa.

Kanishai: A sayo me?

Toktosun: Guba.

Kanishai: Kada ku yarda. Sauran shaho da mujiyar da suka rage su za su ci gawar. Ɓera zai dawo cikin wata biyu, su kuwa sai sun shekara kafin su yi ƙwai biyu. Ɓerayen za su faɗi da kansu, in abinci ya ƙare ko cuta ta shige su, badi ko wata badin. Abin tsoro shi ne ƙasar. Ciyawar kan dutse ba irin ta kwari ba ce, wata uku kawai take da shi a shekara. In saiwa ta tafi, iska ta kwashe ƙasar sama, abin da zai fito sai ɗacin ganyen da ko akuya ba ta ci. Jikokinku za su tarar da hamada.

Toktosun: To me za a yi?

Kanishai: A kafa dogayen sanduna a gangaren, shaho ya samu wurin sauka ya yi farauta. A bar gefen rafi shekara biyu ba kiwo. Kowane gida ya rage garke, kowane gida, ba Ormon kaɗai ba. Kuma kada wanda ya sake taɓa yanyawa.

Toktosun: Daga bakina ba za su karɓa ba. Ki zo ranar Jumma'a ki yi musu bayani. Zan aiko yayanki da mota ya tare ki a garin Narin.

Kanishai: Zan zo. Amma ba zan tsaya in yi zancen ciyawa da ɓera ba alhali Ormon na zaune kansa a ƙasa. Ku za ku fara magana.

Toktosun: Gaban dattawa. Gaban surukaina.

Kanishai: Gaban su duka.

Toktosun: Za su karɓe shugabancin. Wataƙila hukuma ta ci ni tara.

Kanishai: Wataƙila.

Toktosun: Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa tsayawa gaban mutane na ce na yi kuskure ba. Ban ma san ta inda ake farawa ba.

Kanishai: Ku gwada yanzu. Ba kowa a wurin sai ku da doki.

Toktosun: Jama'a... ni ne na sa guba a kwazazzabo.

Kanishai: Ban ji ba.

Toktosun: Kin ji sarai.

Kanishai: Na ji. Amma in haka za ku faɗa, na bayan tanti ba za su ji ba.

Toktosun: Jama'a, ni Toktosun ɗan Abdirai, ni ne na sa guba a kwazazzabo, sanyi biyu a jere. Ormon ba shi da laifin da ya fi na kowa. Kuma 'yata ta gargaɗe ni a gabanku, na mayar da ita abin dariya, ina so a gabanku ɗin nan in ce mata...

Kanishai: Ata, wannan ba sai kun sa ba.

Toktosun: Shi zan fi ɗaga murya a kai. Tsaya, wata mata na magana a kunnena, wai katina saura... Kanishai, ki zo da takalmi mai kauri, ramukan nan...

Kanishai: Alo? Ata?