Wanda Ya Tafi da Takardar Wansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, 'yan mazan jiya da suka goge lambobinsu suka jeru a sahun gaba, iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfar can, mutanen Kazaure masu masaukin baƙi, mutanen Roni, mutanen Gwiwa, da mutanen Babura waɗanda suka fi kowa nisa kuma suka riga kowa isowa, ina yi muku sallama irin ta Musulunci, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga ƙungiyar 'yan mazan jiya da ta ɗauko ni, ni Abdulnasir, tsohon malamin makaranta wanda bai taɓa riƙe ko bindigar harbin tsuntsu ba, ta ce in jagoranci tantance sunayen 'ya'yan ƙasar nan da suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba. Ina godiya ga abokiyar aikina Hajiya Lailatu, wadda ita ke shiga cikin gidaje wurin mata, ni kuwa a bar ni a zaure da ruwan randa. Ina kuma godiya ga masu babura da suka yi wata bakwai suna jijjiga mana ƙugu a tsakanin duwatsun Roni, Allah ya yafe musu.

Jama'a, ga allo nan a bayana an rufe shi da ƙyalle. Idan an yaye shi anjima za ku ga sunaye sittin da ɗaya aka shirya, amma layi na goma sha bakwai babu komai a kansa. Kada ku zargi mai fenti, ni na riƙe masa hannu. A kan wannan layin na tsaya a gabanku yau, domin akwai wata dattijuwa a cikinmu, Inna Dela, da ta hau babur tun daga Gwiwa don ta ji sunan da za a rubuta a wurin. Amma bari in bi abin daki-daki.

Abu na farko, yadda muka yi aikin. An miƙa mana takarda ɗauke da sunaye, wasu an ce sun rasu, wasu an ce sun ɓace. Na ce a raina wannan ai aikin mako uku ne: mu je gari, mu kira suna, a nuna mana gida. Ashe ban san ƙasar da aka haife ni ba. Ka je ƙauye ka ce kana neman gidan su Muhammad Auwal, sai a yi ta kallonka kamar ka zo da yaren wata ƙasa. Mutum ya rayu ana kiransa Maikasuwa, ya tafi soja ana kiransa Maikasuwa, sunan yanka kuwa daga liman sai wanzami suka ji shi, su ma sun daɗe a ƙasa. Ga kuma soja, kowa da sunan garinsu yake amsawa. Muhammadu Roni kaɗai guda biyar muka samu. Sai Hajiya Lailatu ta ce mini, “Malam, ka daina tambayar suna, ka tambayi kama.” Domin takardar shigar kowane kurtu tana ɗauke da tsayinsa da zanen fuskarsa da duk wani tabo na jikinsa. Maza kan manta, amma babu tsohuwar da ta manta tabon ɗan'uwanta. Daga ranar muka kafa doka: ba mu tabbatar da suna, ba mu soke suna, sai da shaidu biyu da ba su zauna wuri ɗaya sun shirya magana ba.

Abu na biyu, shi ne layin nan na goma sha bakwai. Takardarmu ta ce: Muhammadu Lawal Kanya, ya rasu a fagen daga a shekara ta biyu da fara yaƙi. Muka ɗauki hanyar Kanya Babba da hantsi, na sha babbar rigata ta ta'aziyya, na shirya fuska. Na tambayi wani mai faci a bakin kasuwa, na ce, “Ina ne gidan su marigayi Muhammadu Lawal?” Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Marigayi? Ai yanzun nan ya wuce da tumakinsa. Ku bi nan, za ku tarar da shi a gindin darbejiya.”

Jama'a, na yi koyarwa shekara talatin da biyar, yara sun ba ni amsoshi iri-iri, amma ba a taɓa ba ni irin wannan ba. Muka bi, muka tarar da dattijo a zaune yana tufkar igiya, lafiyarsa ƙalau, har da goro a kunci. Ga shi can a sahu na biyu, da farar hula. Baba Lawal, ɗaga hannu su gan ka. To, kun ga mamacin da na je yi wa ta'aziyya.

Mutanen garin suka ba mu labari suna dariya. Wai a lokacin yaƙi masinja ya zo a kan keke da takarda cewa Muhammadu Lawal ya rasu, alhali Lawal na gona yana noman gero. Aka kirawo shi da fartanya a kafaɗa, aka nuna wa masinja, aka ce, “Ga gawar taku nan.” Gari ya ɗauki shewa, dagacin lokacin ya mayar da takarda ya ce kuskure ne. Tun daga ranar sunansa ya koma Marigayi. Abokai su tsokane shi, jikoki su tsokane shi, shi ma ya taya su dariya.

Ni ma na yi dariya, na zaro biro zan soke sunan, aiki ya yi sauƙi. Sai Hajiya Lailatu ta ce, “Malam, dokarka fa. Duba hannunsa.” Takardar shiga soja ta ce mai wannan suna ba shi da kan ƙaramin yatsan hannun hagu. Na dubi hannun Baba Lawal a kan igiya, yatsu goma cif. Na ce, “Baba, idan kai ba ka je ba, wani ya je da sunanka, kuma wannan wanin yana da dungun yatsa.” Sai igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ni kuwa na soma jin kunyar kaina. Can ya ce, “Malam, ku je Gwiwa ku tambayi ƙanwata Dela maganar yatsa. Idan kun dawo zan yi magana.”

Muka je Gwiwa ranar kasuwa. Hajiya Lailatu ta shiga, ba ta ambaci soja ba, ba ta ambaci yaƙi ba, ta ce kawai, “Inna, a gidanku akwai mai dungun yatsa?” Inna Dela ta ce, “Yaya Mamuda ke nan. Ai ni na datse masa. Ina dakan gumba, ya zura hannu a turmi zai ɗiba, taɓarya ta sauka. Ya sha kuka, na sha duka.” Ta yi dariya, sannan ta kama hannun Hajiya ta ce, “'Yar nan, kun gan shi ne? Ci-rani ya tafi tun ina budurwa, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ni ban san addu'ar da zan yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci. Kullum sai in ce Allah ya kai masa inda yake.” Hajiya Lailatu ta fito tana share ido da gefen mayafi, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata.

Shaida ɗaya ke nan. Ta biyu a Roni muka same ta, wurin Kofur Daudu, ga shi nan a sahun gaba yana gyara zama don ya ji sunansa. Na ce, “Kofur, ka san Lawal Kanya?” Ya ce, “Kurman nan? Ai tare muka yi fareti. Sai saje ya kira Lawal sau uku kafin ya amsa, kullum yana cikin horo. Amma abin mamaki, ko a bayan tanti ka buɗe gwangwanin kifi sai ya ji.” Na ce, “Yatsunsa fa?” Ya ce, “Tara da rabi.” Sannan Kofur ya cire hularsa ya ce, “Ni na yi masa sutura da bargona, a bakin wani kogi can kudu. Mu huɗu muka sallace shi, kuma mun fuskantar da shi gabas.”

Da muka koma Kanya Babba, Baba Lawal ya cika alkawari, kuma da izininsa nake faɗar wannan. Shi ne ɗan fari. Shi ya je ya karɓo takardar shaida da sunansa zai shiga soja. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Adda, Bafulatana ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba, ko ciwo yake yi sai dai ta aika a duba. To, yaya za ta buɗe baki ta ce masa kada ka tafi? Ba ta ce ba. Sai ta daina cin abinci. Kwana uku tana zuba wa kowa tuwo, tata ƙwaryar a kife. Mamuda, mai bi masa, shi ke zama kusa da ita, shi ya gane. Da safen da motar ɗaukar kurata za ta tashi, ya sami wansa a bakin rijiya ya ce, “Yaya, idan ka tafi Adda ba za ta kai kaka ba, kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Ni tana iya yi mini faɗa, tana iya kuka a kaina a gaban kowa, ta huce. Ba ni takardar.” Lawal ya ba shi. A gida kuwa Mamuda ya ce ci-rani za shi.

Saboda haka ranar da masinja ya zo, gari na shewa, mutum ɗaya ne ya san abin da takardar ke nufi. Baba Lawal ya ce mini, “Malam, na buɗe baki zan faɗa, sai na hangi Adda a bakin zaure tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa ganin ta yi dariya a kan abin da ya shafe ni ba sai ranar. Na kasa. Na ce gobe. Goben ce ta kai shekara hamsin da bakwai.” Wataƙila wasu dattawan garin sun harbo jirgin, amma babu wanda ya iya tunkarar uwa da maganar. Adda ta rasu tana tsammanin Mamuda zai dawo da tsaraba.

Ban zo nan don in yanke wa kowa hukunci ba. Ni dai na san na sha dariya a Kanya Babba zuwan farko, zuwa na biyu na dawo ban iya cin abincin rana ba. Makon jiya Baba Lawal ya je Gwiwa da ƙafarsa ya faɗa wa ƙanwarsa. Abin da suka ce wa juna nasu ne, amma kun ga a mota ɗaya za su koma, domin na hana ta sake hawa babur.

Abu na uku roƙo ne. Cikin sittin da ɗaya, goma sha ɗaya har yanzu a matsayin ɓatattu suke, kuma haka muka rubuta su, don ba za mu kashe mutum da biro ba. Iyayenmu mata, ku buɗe tsofaffin akwatunan ƙarfen nan. Hoto, wasiƙa, lambar soja, ko maɓallin kaki ne, ku kawo mana. Dattawa, wanda ya san wani abu ya faɗa tun ana iya tambayarsa. Babu mai kama kowa, babu mai kai kowa ƙara. Baba Lawal ya yi zaton ɗaure shi za a yi, ga shi nan an ba shi kujera mai hannu.

Mai girma shugaban taro, a kwamitinmu an yi muhawara. Wasu sun ce abin da takarda ta faɗa shi za a rubuta, kuma suna da hujjarsu. Ni kuwa na ce takarda ta faɗi wanda aka rubuta, shaidu biyu sun faɗi wanda aka binne. A ƙarshe muka daidaita, kuma ka sa mana hannu jiya: takardar za ta zauna yadda take, mu liƙa mata bayaninmu, a allo kuwa za a rubuta mai shi. Mai fenti, matso da gwangwaninka. Inna Dela, ga amsarki. Layi na goma sha bakwai: Mamuda Kanya, wanda ya tafi da takardar wansa.

Saura saƙo ɗaya, na Baba Lawal zuwa ga mutanen Kanya Babba, musamman jikokinsa da nake hange suna ɓoye fuska. Ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kiransa Marigayi. Ya ce aro ya yi, kuma mai sunan ya karɓi abinsa.

Liman, idan na sauka sai ka ja mu addu'a, ka fara da Mamuda, don yau ne karo na farko da 'yan'uwansa za su ce Allah ya jiƙansa a gaban jama'a. Allah ya jiƙan Mamuda, ya jiƙan Adda, ya jiƙan duk wanda ke kan allon nan. Waɗanda ba mu gano ba, Allah ya bayyana mana labarinsu. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kada ya sake nuna mana ranar da za a rubuta irin wannan allo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.