Tabaran Direban Malanville

A tashar motar Zongo ta Kwatano, wata mata ta tare Wada ɗan kamasho, riƙe da tabarau.

"Bawan Allah, maigidana nake nema. Direban Malanville ne. Ya manta wannan, kuma in babu shi ba ya bambance tirela da akuya."

"Yaya sunansa, Hajiya?"

"Haba. Tun da aka kai ni gidansa bakina bai kama sunan nan ba, sai yau a tsakiyar tasha?"

"To, baban wa ake ce masa?"

"Baban ɗan farina. Shi ma ba na faɗa."

"Laƙabi fa? Muna da Sai Gobe, muna da Ba Birki."

"Surukina ne ya laƙaba masa nasa. Ya fi na yanka nauyi."

Motoci sun fara tashi. Wada ya share zufa, ya hau benci, ya ɗaga tabaran sama.

"Ina direban da ba ya gani?"

Direbobi huɗu suka ɗaga hannu. Nan take fasinjoji suka shiga sauke kayansu.

"Wanne ne naki, Hajiya?"

Ta sunkuyar da kai. "In nuna miji da yatsa? Ai gara in faɗi sunan."