Bindigar da Ba Ta Cijewa

VERLIN: Halo? Halo! Twila, ke ce?

TWILA: Ni ce, Baba. Ina wuni?

VERLIN: Eh? Ɗaga murya, wurin nan kamar kasuwar shanu.

TWILA: Na ce ina wuni! Ya ƙafar?

VERLIN: Lafiya lau. Ƙafa tana nan tana yi mini rashin kunya. Ya aiki? Har yanzu kuna can kuna figar kajin mutane?

TWILA: Muna fama. Yanzu ma hutun cin abinci na fito.

VERLIN: Ya maigidan naki, sarkin barci?

TWILA: Curtis yana lafiya, yana gaishe ka. Ka sha maganin safe?

VERLIN: Na sha, likita, na sha.

TWILA: Miyar waken da ke firji fa?

VERLIN: Na ga wata miya, ban san daga inda ta fito ba, na juye wa Biskit. Karen nan har kwanon ya so ya cinye.

TWILA: Haba Baba! Ni fa na... Tsaya tukuna. Wannan hayaniyar ta mece ce? Kana ina?

VERLIN: Filin baje koli. Yau ake kasuwar bindigogi, kin manta? Tebur-tebur har bakin ƙofa.

TWILA: Filin baje koli? Wa ya kai ka?

VERLIN: Wa zai kai ni? Ni da akori-kurata.

TWILA: Ai makullin yana wurin Yaya Doyle.

VERLIN: Yayanki yana ganin ya fi ni wayo. Tun ba a haife shi ba nake liƙa wani makullin da maganaɗisu a ƙarƙashin mota. Bar wannan zancen, shawara nake nema. Ke ce mai ido a gidan nan, shi Doyle ko bangon rumbu aka ce ya harba sai ya kuskure. Ƙananan bindigogi biyu ne a gabana, duka masu ɗana kansu.

TWILA: Baba, me za ka yi da bindiga?

VERLIN: Saurara mana. Ta farko baƙa ce, jikin roba, ba nauyi. Kayan cikinta kaɗan ne, ba abin da zai lalace. Mai ita ya ce ko a taɓo ta faɗa, ka ɗauka ka karkaɗe, za ta tashi. Ta biyun ƙarfe ce zalla, irin wadda na riƙe a soja. Kunamarta laushi kamar man shanu, in kin ja ba ta karkatar da hannu ko kaɗan. Wajen saiti ta fi. Amma irinsu akwai tsirfa, ba kowane harsashi suke ci ba.

TWILA: Ai kana da bindiga a gida. Ta cikin durowar gado.

VERLIN: Ta rigar gado?

TWILA: Durowa! Durowar gefen gadonka!

VERLIN: Kada ki ƙara yi mini zancen wannan maciyar amanar. Shekara da shekaru ina shafa mata mai kamar jaririya, ranar da na neme ta sai ta ƙi tashi.

TWILA: Ranar da ka neme ta? Gwangwani ka je harbi a bayan gida?

VERLIN: Wane irin gwangwani. Twila, ban so in faɗa miki ba, kada hankalinki ya tashi. Wani yana shigo mini gida.

TWILA: Wa?

VERLIN: Da na sani ai da na faɗa wa 'yan sanda. Kafin gari ya waye yake zuwa, ta ƙofar baya. Ba ya fasa komai, makulli gare shi. In na tashi sai in tarar an taɓa mini kaya. Kofi ba a inda na ajiye ba, an buɗe kwalaben magani, an cire mini wayar rishon lantarki daga bango. Abin da ya fi ba ni tsoro, Biskit ko haushi ba ya yi. Kin ga ke nan ya daɗe yana saye karen da abinci.

TWILA: Wayyo Allah. Baba...

VERLIN: Ina jin sa in yi lamo a gado. Ni Verlin, da na kwana a daji ana ruwan wuta, wai yau ni ne nake jan bargo ina rufe kai. Ranar Alhamis na ce ya isa. Na ɗauko ta, na lallaɓa ba takalmi har bakin kicin. Ga shi nan tsaye ya ba ni baya, ƙato, da rigar sanyi mai hula, hasken firji ne kawai a kansa. Na riƙe da hannu biyu, na saita tsakiyar hular, na ja. Ƙas! Ba komai. Na sake ɗanawa a hankali, na ja. Ƙas! Sai na ja da baya na shige banɗaki na kulle, har na ji ya fita. Halo? Kina nan? Layin nan ya fara iskancinsa.

TWILA: Ina nan.

VERLIN: Me ya sami muryarki?

TWILA: Rigar... wace kala ce?

VERLIN: Ruwan ƙasa, irin ta mafarauta. Shi ya sa na ce yanzu ba kyau nake nema ba, wadda ba ta cijewa nake so. Ni hankalina ya fi kwanciya da ta robar. Ta zauna mini daram a tafin hannu, kuma an ɗiga mata wani kore a kan saitin, mai haske a duhu. Matsalarta ɗaya, in wuyan hannu ya yi sanyi takan riƙe kwanson harsashi. To ni hannuna...

TWILA: Baba, rigar Curtis ce.

VERLIN: Curtis? Mijinki ne ke shigo mini gida?

TWILA: Ni ce a cikinta! Ni ce, Baba! Ana ruwa ranar, na ɗauki rigarsa. Ni nake zuwa kullum kafin in wuce aiki. Ni nake jera maka magani, ni nake cire wayar risho don kar ka bar shi a kunne, ni na ajiye miyar. Biskit zai yi wa wa haushi? Ni na kawo shi gidan yana ɗan kwikwiyo!

VERLIN: Kai, a'a. Wannan ƙato ne.

TWILA: Na ji ƙarar. Na rantse na ji. Sau biyu, a bayana. Na ɗauka bututun ruwan zafi ne. Har na ce a raina zan gaya wa Doyle ya zo ya duba. Wayyo... bari in zauna.

VERLIN: In ke ce, me ya hana ki yi magana?

TWILA: Don kar in tashe ka! Mun yi maganar nan da kai, a gaban likita, kai da kanka ka ba ni makullin. Ka ce in riƙa shigowa a hankali.

VERLIN: Ni na ce?

TWILA: Kai ka ce.

VERLIN: Ban... To bindigar fa? Ba ta taɓa yi mini haka ba.

TWILA: Lafiyarta ƙalau. Doyle ne ya cire ɗan tsinken da ke bugun gindin harsashi, tun lokacin da ka ɓata a hanyar coci. Mun san in muka ɗauke ta gaba ɗaya za ka yi ta nema, ka daina yi mana magana. Sai muka ce a bar maka ita a durowa, kana ganinta hankalinka a kwance. Ba wanda ya kawo a ransa za ka je neman wata.

VERLIN: Kuka lalata mini bindiga a cikin gidana? Kuka mai da ni abin wasa?

TWILA: Ka yi faɗan daga baya, Baba, ka zage mu son ranka, zan tsaya in ji. Amma da bai cire ba, da yau kana ina? Da ni ina ina?

VERLIN: Da ya sunkuya, gashi ya zubo ta gefen hular. Na gani. Na ce a raina, ji ɗan iska da gashi kamar na mace. Irin na mamanki, mai ja-ja.

TWILA: Eh.

VERLIN: Tsakiyar hular na saita, Twila. Ni ba na kuskure a wannan tazarar. Ke kin sani.

TWILA: Na sani, kai ka koya mini.

VERLIN: Ya Ubangiji. Me ke faruwa da kaina? 'Yata, me ke faruwa da ni?

TWILA: Ciwo ne, Baba, ba laifinka ba ne. Kar ka yi kuka a cikin mutane, ka ji? Yanzu abu ɗaya nake so. Akwai bindiga a hannunka?

VERLIN: Ta robar.

TWILA: Ajiye ta a kan tebur.

VERLIN: Na ajiye.

TWILA: Yauwa. Miƙa wa mai bindigar wayar, ina son magana da shi.

VERLIN: Ya zagaya wancan gefen, yana ciniki da wasu. Ba mai shago ba ne, wani bawan Allah ne ya kawo nasa na gida yana sayarwa. Ko sunana bai tambaya ba.

TWILA: To rabu da shi. Juya ka nufi ƙofa. Ka shiga mota ka zauna, kar ka tayar. Yanzu zan gaya wa shugabar sashenmu, in kamo hanya. Kar ka kashe wayar, muna tafe muna magana.

VERLIN: To. Wace ƙofar? Ƙofofin da yawa.

TWILA: Kowacce ka gani kusa. Me kake gani a gabanka?

VERLIN: Wata mata mai sayar da kilishin barewa. Sai masu wuƙaƙe. Mutane sun yi yawa, Twila, kowa sai ture ni yake.

TWILA: Bi ta gefen mai kilishin. Ina tare da kai.

VERLIN: Tsaya, ga mutumin yana kira na. Wai na bar hulata.

TWILA: Bar hular! Zan saya maka wata!

VERLIN: Hular sojan tawa? Ina zuwa, minti ɗaya.

TWILA: Baba, kar ka sa ni a aljihu. Baba! Ka fito da wayar!

VERLIN: ...yauwa, na gode, ɗan'uwa. Kai, tsufa! Eh? Wacce? Au, wannan. Na duba ta ɗazu? To miƙo in ji ta a hannu...

TWILA: Malam! Mai bindiga! In kana ji na, kar ka sayar masa! Ba shi da lafiya!

VERLIN: ...a'a, ba nauyi kam. Ja baya... ka ji yadda ta koma, tsaf. Cikin bututun ma fes. Ka ce ba ta taɓa cije maka ba? Ko sau ɗaya? To ai ita nake nema. Wani ne ke shigo mini gida...

TWILA: Baba! Wayyo Allah, wani ya ji ni mana! BABA!

VERLIN: ...a'a, bar shi, ba sai ka naɗe ba. Allah ya yi albarka. Af, wayata ce ke ta ƙara a aljihu? Halo? Wa ke nan?

TWILA: Ni ce, Twila! Baba, me ka yi?

VERLIN: Twila! 'Yar halak. Albishirinki, na yi sabuwar bindiga. Mutumin kirki, har kwalin harsashi ya ɗora mini kyauta.

TWILA: Mayar masa! Don girman Allah ka mayar masa yanzu! Ka tuna abin da muka faɗa? Rigar Curtis, hasken firji, ni ce...

VERLIN: Injin me? Ba na jin ki sosai, kamar kina cikin rijiya. Kuka kike yi? Wa ya taɓa ki?

TWILA: Kar ka tafi gida! Ka tsaya a nan, ga ni nan zuwa!

VERLIN: A'a, gida zan tafi, Biskit bai ci komai ba. Wayar ma tana ta yi mini tsuwa, batirin ya yi ja. Ki daina kuka, babanki ya samu abin tsare kansa. Ki leƙo ki gan ta, za ta burge ki. Ko wane lokaci kika samu sarari ki shigo abinki, ba sai kin ƙwanƙwasa...

TWILA: Baba, saurare ni, kar ka sa mata harsashi! Ka ji? Baba? Halo? Halo!