Ƙanƙarar Awa Uku

Ni: Alo? Auta? Salamu alaikum.

Auta: Wa alaikumus salam. A'a, Matar Yaya! Yau an tuna da talaka? Ina kwana?

Ni: Lafiya lau. Ya gareji?

Auta: Da godiya. Ya yaran? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni: Mun gode Allah. Ya amarya da ƙafar?

Auta: Da sauƙi, har ta fara takawa. Wai ina kike nake jin iska haka?

Ni: Bakin titi. Katina kaɗan ne, bari in gaya maka a dunƙule. Na samu ragin dubu huɗu a kuɗin mota, ina shirin rasa ɗanyen kifi kwando shida.

Auta: Innalillahi! Hatsari kuka yi?

Ni: Ba hatsari. Kuma ba kuka na kira in yi maka ba, tambaya ce. Arba'in gudu ne ko ba gudu ba ne?

Auta: Saba'in?

Ni: Arba'in! Toshe ɗaya kunnen mana.

Auta: Arba'in ɗin me?

Ni: Yau na ce ni zan kai kifi birni da kaina, yadda yayanka yake yi kafin ya rasu. Direbansa ya ce dubu sha biyar, na ce ya je ya sha iska. Na samu wani dattijo mai a-kori-kura, na matse shi har sha ɗaya. Ya ce, “Hajiya, ni fa arba'in nake yi.” Na ce ya yi hamsin ma idan ya ga dama, ina ruwana.

Auta: Wayyo, Matar Yaya.

Ni: Kar ka yi mini wayyo. Gudu muke yi. Sau biyu iska ta cire mini ɗankwali, masu keke kuwa tsaye nake ganinsu.

Auta: To ai keke ne. Motoci nawa suka wuce ku?

Ni: Waɗancan mahaukata ne.

Auta: Saurara. Daga gidanki zuwa asibiti, da ƙafa, minti nawa?

Ni: Kusan awa, idan ban tsaya gaisuwa ba.

Auta: Kilomita huɗu ke nan. Dattijonki zai cinye ta a minti shida.

Ni: To ka gani! Shi ne ba gudu ba?

Auta: Daga bakin ruwa zuwa birni irin wannan tafiyar sau hamsin ce. Awa biyar.

Ni: Ƙarya ne. Yayanka awa uku yake yi. Shekara goma sha bakwai ina ɗaure masa kwanduna, ƙanƙarar awa uku yake saye, ita na saya.

Auta: Direbansa saba'in yake yi. Abin da dubu huɗun nan take saya ke nan.

Ni: Saba'in…

Auta: Alo? Kina ji na?

Ni: Ina ji. Bai taɓa gaya mini ba. Ni na ɗauka hanya hanya ce, duk wanda ya hau ta awa uku ce.

Auta: Yaushe kuka tashi?

Ni: Awa biyu ke nan. Yanzu ma mun tsaya, wai motar na shan ruwa. Ruwan da ta sha ya fi na raƙumi.

Auta: Saura uku, ban da tsaye-tsaye. Ya ƙanƙarar?

Ni: Tana ɗiga ta ƙarƙashin mota kamar an buɗe famfo.

Auta: Danna cikin kifi ɗaya da yatsa.

Ni: Kai za ka koya mini kifi? Na danna. Na sama ya fara saki, idon ya fara dushewa.

Auta: Ki ce wa dattijon ya taka mana.

Ni: Na ce. Ya ce idan allurar gudun ta wuce arba'in, ƙofa ce take fara buɗewa da kanta. Auta, ka zo ka ɗauke ni. Kai ai a birni kake, kuma kana da gudu.

Auta: Ko tamanin na yi, awa ɗaya da rabi zuwa, ɗaya da rabi komawa.

Ni: Nawa ke nan?

Auta: Uku.

Ni: Kai komai naka uku ne? Ba ka da wani lissafin?

Auta: Wallahi da ina da shi da na ba ki. Babu mai ƙanƙara a wurin?

Ni: Ko wutar lantarki babu. Rumfa uku ce, sai wata mata mai bandar kifi da ta zauna ta zuba mini ido kamar ungulu.

Auta: Ta taya?

Ni: Dubu goma ta ce kowane kwando, abin da na saya sha huɗu. Na yi mata dariya har na riƙe ciki. Da ta ga ruwa na zuba, ta koma tara.

Auta: Sayar mata, don Allah.

Ni: Ni? Ni da ko gishiri ban taɓa saye a farashin farko ba? Bari ka ji. Baiwar Allah! Kawo goman, albarkacin ƙanin mijina. Me? Ka ji ta ko? Wai yanzu takwas!

Auta: Matar Yaya, kowane minti da kike…

Ni: Yi mini shiru, ina ciniki! Tara. Tara fa, ki ji tsoron Allah, marayu ne da ni. Ina za ki? Dawo mana, ai ba faɗa muke ba. Auta, an ce saura minti ɗaya a katin.

Auta: Me ta ce?

Ni: Kwandunan dai nawa ne, ki juye ki ba ni abina. Kar ka gaya wa amarya.

Auta: Nawa kika…

Ni: Takwas da ɗari biyar. Na sallama.