Mai Gurnani Ne Gaba Ko Mai Lilo?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa da mawaƙa, iyayenmu da suka riga mu shiga wannan sana'a, alƙalan da suka zauna suka zaɓe ni, masu haɗa mana na'ura, masu ɗaukar lasifika a kafaɗa, 'yan'uwa maza da mata, da ku na can baya da lemo ya kawo ku, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga ƙungiya da ta ga ya dace ta ba ni lambar yabo ta gwanin ganga. Na ji abin da mai gabatarwa ya karanta a kaina, wai na zo da sabon salo, wai tsakanin waƙa da waƙa nakan kaɗa ganga ni kaɗai har jama'a su manta da kansu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tunda makirufo ya shigo hannuna, bari in gaya muku inda salon ya samo asali, domin masu shi suna nan a layi na biyu, sun bar kujera ɗaya a tsakaninsu.

Abu na farko. Masu jitarmu biyu ne, Farfesa da Auta, wa da ƙane, kuma ƙannen matata. Mahaifinsu, Allah ya ji ƙansa, ya bar musu allo guda na 'yan akwatunan nan da mai jita ke takawa da ƙafa don sauya sauti, waɗanda muke kira feda. Biyu daga ciki su suka hana ni sakat. Akwai mai gurnani, wanda ke kausasa sauti har jita ta koma kamar injin niƙa. Akwai mai lilo, wanda ke sa sauti ya riƙa kai da komowa kamar ruwa a bokiti. Sauti yakan fita daga jita, ya bi waya ya ratsa ɗaya, ya ratsa ɗayan, sannan ya isa lasifika. Wanne zai fara ratsawa? A nan gidan surukaina ya rabu biyu.

Farfesa ya ce mai gurnani ne gaba: a kausasa sautin tukuna, sannan a yi masa lilo, sai lilon ya fito tas kowa ya ji shi. Yakan cire gilashi in zai faɗi haka. Auta ya ce mai lilo ne gaba, a bar mai gurnani ya tauna lilon, sai sautin ya yi kauri ya yi ɗumi. Farfesa na kiran na ƙanensa taɓo, Auta na kiran na yayansa kiɗan asibiti, kuma kowannensu ya rantse yadda yake jerawa haka Baba yake jerawa. Hoto ɗaya ne marigayin ya bari yana kiɗa, shi ma kan wani ɗan kallo ya rufe allon. An ce su samo allo na biyu, kowa ya ce ai wanda ya samo ya yarda ke nan na Baba ba nasa ba ne. Ƙungiya ta kafa kwamiti, kwamitin ya rabu biyu, mutum ɗaya da ya ce a cire akwatunan duka kuwa aka dakatar da shi.

Abu na biyu. Waƙa ɗaya Farfesa ke ja, ta gaba Auta. Da waƙa ta ƙare, mai karɓa zai durƙusa ya zare wayoyi ya sake jera su, ɗan'uwansa ma ya durƙusa wai taimako. Manyan mutane biyu, sun ba jama'a baya, suna cacar baki ƙasa-ƙasa. Ranar farko mawaƙinmu ya waiwayo ya dube ni, mai piyano ya kama kallon silin, ni kuwa kunya ta kama ni na fara dukan ganga. Aka yi tafi. Daga ranar na shiga uku.

Ya ku jama'a, da kuka ga na rufe ido ina girgiza kai kuka ce shauƙi ne, addu'a nake yi Allah ya sa waya ta shiga raminta. Da kuka ga gumi ya jiƙa mini riga kuka ce kishin sana'a ne, ƙusa ce ta faɗi suna lalube. Ranar da mai gabatarwa ya ce na kafa tarihin daɗewa ina kiɗa kuwa, waya ce ta tsinke, Auta ya tafi mota ɗauko wata, kuma mabuɗin motar na aljihun Farfesa.

Ni da nake zaune a bayansu na ji na wa, na ji na ƙane, kuma tsakani da Allah duka biyu suna da daɗi. Na taɓa tambayar wani mai rawa wanne ya fi, ya ce da ni, "Au, dama su biyu ne?"

Abu na uku, kuma shi ne ya kawo ni. Na lura wasu dattawa sun ɗaure fuska da suka ga na karɓi lambar nan da hagu. Ba raini ba ne, hannun dama ne ya ƙi. Kofin shayi ma yanzu da hannu biyu nake ɗaga shi. Likita ta murza wuyan hannuna, ta dube ni ta ce, "Baba, in ka sake riƙe sandar ganga, har cokali sai an riƙe maka." Na yi baƙin ciki ƙwarai, domin ganga ce ta ciyar da ni, ita ta tarbiyyantar mini da 'ya'ya, ban so mu rabu a kan waya mai tsawon taƙi ɗaya ba.

Saboda haka, Farfesa, Auta, ƙannena, ku dube ni. Ranar Asabar ake bikin 'yata, 'yar yayarku, kuma ku ta roƙa ku yi mata kiɗa. Ni uban amarya ne, kujera zan zauna. In waƙa ta ƙare kuka durƙusa, babu ganga a bayanku. Shirun da na daɗe ina rufewa da hannuna zai fito fili, dangin ango su ji shi, amarya ta ji shi. Kuma wadda za ta taso daga kujera ba kwamiti ba ce, yayarku ce. Kun san ta, na san ta. Ga lambar nan, zan ajiye ta a kujerar da kuka bari a tsakaninku, tunda ku kuka yi aikinta. Ku jera akwatunan yadda kuka ga dama kafin Asabar, ku bar su haka.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya albarkaci wannan ƙungiya da shugabanninta, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya tsakanin wa da ƙane, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.